Ƙafar da Aka Nuna a Kasuwa

Lasifika biyu, batirin mota, kwalayen magani, naɗaɗɗen ƙyalle mai hoto, damin takardun talla, kujerar roba, buta, sai Inna Hure. Kayan da akwalar motar Nababa ta ɗauko ke nan da hantsin ranar kasuwar Ɗanbatta, tana ratsa gonakin gero da gidajen da suka kusa haɗe katanga.

Zulaihatu na kujerar baya, ƙafar uwarta ta hagu a kan cinyarta. An naɗe ƙafar da tsumma, an zura mata safa, an ja zani an rufe. Duk ramin da motar ta faɗa sai tsohuwar ta cije leɓe. Zulaihatu ta sauke gilashi saboda warin, yayanta ya ce ta ɗaga, iska na cinye masa murya.

"Inna, mu sake bita," in ji Nababa, idonsa a kan hanya. "In na ce wa ya ba ki magani, kar ki yi sauri. Ki sunkuyar da kai tukuna, kamar ba za ki faɗa ba. Sannan ki faɗa."

"Na ji."

"To faɗi mu ji."

"In mun je na faɗa."

Zulaihatu ta ce, "Yaya, jikinta da zafi fa yau."

"Zafin gari ne. Ni ma taɓa ni ki ji."

Tun shekarar da aka cire tallafin mai, taki ya gagari gonarsu, gonar ita ma ta gagare su. Nababa ya koma dafa saiwoyi da ɓawon itace a ganga, yana ɗurawa a robobi, ya raɗa wa abin suna Tashi-Tsaye. Daga gangar nan gidan ke ci: shi da matarsa Asiya da 'ya'yansu, da Inna, da ita kanta Zulaihatu, wadda mijinta ya tafi Kudu neman aiki ya daina aike, ta tattaro ta dawo gida. Ba shekarun tambayar inda tuwo ya fito ba ne.

A bakin kasuwa ya ajiye motar, ya ɗora lasifikokin a kan rufi. Ba ya farawa da magani. Da salati yake farawa, sai gaisuwa, ya gaida manoma da makiyaya da masu dako, ya yi addu'ar sauƙin rayuwa har sai ya ji an amsa da amin. Wanda ya ce amin ya riga ya tsaya.

"Jama'a, ban zo sayar muku da komai ba. Mai lafiya ya wuce, Allah ya ƙara masa. Tambaya kawai zan yi. Wa ke tashi da safe jikinsa a mace? Wa ke ganin jiri in ya ɗago daga noma? Wa ke jin gwiwarsa ba tasa ba?"

Rabin kasuwar ba su karya kumallo ba. Kowa ya ji da shi ake.

"Ka je asibiti, me za su fara tambayarka? Sunanka? A'a. Ciwonka? A'a. Kati!"

Aka yi dariya.

"Ni ba likita ba ne. Ɗan manomi ne irinku, ga kanta a hannuna. Yaren da kuke ji nake ji, yunwar da kuke ji nake ji, ranar da ke dukanku ita ke dukana."

Aikin Zulaihatu shi ne raba takardun. A Kano aka buga su. A sama akwai hoton wani mutum da farar riga wanda Nababa ya tsinto a waya. Ƙarƙashinsa an rubuta cewa bincike ya nuna, masana sun tabbatar, ba a faɗi wane bincike ko waɗanne masana ba. Sai jerin cututtuka tun daga ciwon suga har ƙaiƙayi. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an sa cewa waraka ta Allah ce. Ta nan yake fita in wani ya dawo da ƙorafi.

Da taro ya yi kauri sai ya warware ƙyallen. Hoton gyambo ne a diddige, an ɗauke shi kurkusa, ja da fari, girmansa ya kai faifai. Mata suka kau da kai. Ya sauke abin magana daga bakinsa ya yi shiru, ya bar su da hoton har shirun ya dame su.

"Wannan ƙafar uwata ce," ya ce, da murya ƙasa-ƙasa. "Wadda ta haife ni. A cikinku wa zai yi ƙarya da uwarsa?"

Ya buɗe ƙofar mota. Dokar ita ce kar a riƙe ta. Inna Hure ta taka da kanta daga mota zuwa kujerar roba, Zulaihatu na bayanta tana kallon yadda wuyanta ke tsatsafo da gumi. Ta zauna, ta zare takalmin dama, ta ɗaga ƙafar. Lafiyayya ce, ta sha lalle baƙi wuluk har idon sawu. Asiya ke ƙunsa mata duk mako, don kar wani ya nemi tabo. Ba wanda ya taɓa tambayar ta hagun da ke cikin safa.

"Inna, wa ya ba ki magani?"

Ta sunkuyar da kai. Wannan ba sai an koya mata ba. Nababa ɗan farinta ne, kuma sunan surukinta ya ci. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa na yanka ba, sai da ya fara kawo ta kasuwa. Ya san nauyin abin, shi ya sa ya ajiye shi a ƙarshe.

"Mika'ilu," ta ce. Lasifika ta kai sunan har kara, wajen masu awaki. "Ɗana Mika'ilu ne ya ba ni. Na sha, na warke."

Wata tsohuwa ta dafa ta kusa da ita. "Kin ji ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a. Wannan ba ƙarya."

Hannuwa suka miƙo. Nababa ya yi ta rantsuwa kwali ɗaya ya rage, alhali bayan motar a cike yake.

Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ita ce ta sa ƙaryar ta zauna. Gyambon ya taɓa warkewa. Bara ne, lokacin da ake kai ta asibiti wanki, tana shan ƙwayoyin suga, tana kuma kurɓar tsimin ɗanta don kar ya ji ba daɗi. Da ƙwayoyin suka yi tsada aka daina saye. Da damina ta faɗi, ciwon ya dawo wurinsa.

Bayan la'asar, a gida, Zulaihatu ta zare safar. Tsumman ya manne, sai da ta jiƙa shi da ruwan gishiri mai ɗumi. Ciwon ya cinye diddigen ya fara hawa, bakinsa ya yi baƙi. Ta fito ta sami yayanta yana juya ganga a tsakar gida.

"Yaya, zo ka gani."

"Na gani jiya."

"Na yau daban ne. A kai ta asibiti."

Ya jingine muciyar ya goge hannu. "Zulai, yi salati tukuna."

Ta yi.

"Wa ya fi ni son Inna a gidan nan? Wa ya sa mata kwano a ɗaki da ruwa ke zubar mata? Wa ya hana ta cin afafata lokacin da duk unguwar nan ita ake ci? To ki faɗa mini. Mai yanka kati a asibitin can ya sayi Tashi-Tsaye a hannuna. Masu shara sun san fuskar Inna. In aka gan ta a kan benci da safe, kafin azahar hotonta ya zaga wayoyi. Daga nan me za mu ci? Ni ba ta kaina nake ba." Ya yi shiru, ya dubi yaran da ke wasa a gindin turmi, ya bar ta ita ma ta dube su. "A bari a yanke gero. Zariya zan kai ta da kaina, inda ba a san mu ba. Babban asibiti, ba wannan ba."

Sai da ta koma ɗaki ta lura. Salati, tambayoyi, tsoro, shiru, alkawari. Jerin kasuwa ne ya yi mata, bai canza komai ba. Kuma ya ci ta, don ga shi ta dawo ta zauna.

Ta sami Asiya a madafa.

"Ni dai lalle aka ce in ƙunsa, na ƙunsa," in ji Asiya, ba ta ɗago daga tukunya ba. "Ba kya nan bara, shi ya sa. Tafasa muka yi ta dafawa ba ko ƙuli. Huseina ta yi kukan yunwa har muryarta ta dishe. In kina da wata gangar ki nuna mana."

Ta je wurin Kawu Dabo, ƙanin mahaifiyarsu, wanda Nababa ke aika wa masara duk ranar kasuwa. Ya saurare ta yana tsifar gemunsa.

"Ciwo da sauƙi duk na Allah ne. Kuma ɗa namiji ke da magana a kan uwarsa. Ke baƙuwa ce a gidan nan, mijinki na dawowa kin tafi. Yi haƙuri ki yi ta addu'a."

Ta dawo ga mai ƙafar.

"Inna, ki ce masa da bakinki. Ke ba zai ƙi ba."

"Da bakin nan na ce na warke, a gaban Musulmi da Kirista. In na je asibiti na zama me? Tsohuwa maƙaryaciya, ɗanta macuci." Ta gyara kwanciya da ƙyar. "Ƙyale yayanki. Abin da za ku ci yake nema."

Aka yanke gero. Nababa ya ce a bari a cire gyaɗa. Aka cire gyaɗa, ya ce mai ya sake tashi, Zariya ba nan kusa ba ce. Ya ƙara wa Inna yawan tsimin, ya ce ai dama ba ta sha a kan ƙa'ida. Ƙafar ta kumbura har safar ta daina shiga, aka sayo ta maza.

Zulaihatu ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gida ta sake sharewa. Ta ɗauki mayafi ta kai zaure, ta tsaya, ta dawo. In ta ɗebo tuwo sai ta ji warin ganga a cikinsa, amma tana ci.

A kasuwar Rimin Gado abin ya faru. Inna ta fito daga mota, ta yi rabin hanya zuwa kujera, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Ta zube a ƙasa gaban taro. Zulaihatu ta watsar da takardun ta tallafe ta, tana jan zani a kan safar da ta jiƙe. A ranta ta ce yau dai ta ƙare, kuma ta rasa ko tsoro take ji ko sauƙi.

Nababa ko gezau.

"Allahu akbar. Jama'a, kun ga tsohuwar nan? Azumin nafila take yi. Tun da Allah ya ba ta lafiya ta ɗauki alwashi, na yi na yi ta huta ta ƙi. Na ce Inna, rana da zafi, ta ce wanda ya warkar da ni ya fi ƙarfin rana. A kawo mata inuwa."

Ranar har kwalayen bayan mota sai da suka ƙare.

Washegari Nababa ya shigo ɗakin Inna da waya da kofin shayi. Ya zauna a bakin gado, ya kunna wayar don naɗar murya, ya ce ta faɗi maganarta ta kasuwa. Muryar ta fito a shaƙe. Ya ce a sake. Ya ƙara sukari a shayin ya ba ta, don murya ta tashi.

"Yaya, mai ciwon suga ce fa."

"Kurɓa ɗaya ba ta kisa. Inna, da ɗan ƙarfi. Wajen sunan ki ɗan tsaya."

Ta yi ta faɗa har ya samu wadda ta yi masa. Daga ranar bai ƙara bukatar ta shiga mota ba. Muryar na zuwa kasuwa, ya ƙara hoton fuskarta tana murmushi a gefen na gyambon. Abin da ya rage shi ne kar a ga sauran jikin.

Aka mayar da ita ɗakin baya, inda ake ajiye buhunan gyaɗa. Aka ce wa maƙwabta ta tafi Kazaure wurin ƙanwarta. A ƙauyen da ko ciwon kai mutum ya kwana da shi sai an cika masa ɗaki da sannu, Inna Hure, wadda ba ta taɓa fashin dubiyar kowa ba, ta kwanta ba mai leƙo ta. Ba kunun maƙwabta, ba addu'ar tsofaffi. In ta yi nishi da ƙarfi sai Asiya ta hau daka ko da ba abin dakawa. Kullum da safe Nababa na gwada lasifika a tsakar gida kafin ya fita, muryar ta tsallake katanga ta shiga gidajen mutane: na sha, na warke. Mai muryar na kwance tana ji, ƙudaje na bin zaninta.

Zazzaɓi ya zauna mata. Ta daina cin tuwo, sai farau-farau. Baƙin ya wuce idon sawu.

Ana haka, wata ranar da Nababa ya tafi kasuwa, Iyatu ta yi sallama. Daga Gidan Buwai take, unguwar Kiristocin da ke hayin rafi. Ita da Hure tare suka yi tallan daddawa tun suna 'yan mata, kuma har suka tsufa ba wadda ta daina tsokanar 'yar'uwarta. Asiya ta tare ta a tsakar gida. Zulaihatu na ɗakin baya tana fifita, tana jin komai.

"Ina tsohuwar banzan nan? Ta yi suna a lasifika ta daina zumunci."

"Ai Inna tana Kazaure."

"Kazaure? Hure ko rijiya za ta sai ta aiko mini. Ta tafi Kazaure ta bar carbinta a ƙusa?"

"Wani ta ɗauka."

"To. Ba ni roba ɗaya ta maganin nan, na Bawa ya ƙare. Mijin nawa ya ajiye ƙwayoyin asibiti tun ranar da ya ji ta a Ɗanbatta. Yara sun yi faɗa har sun gaji. Ya ce in dai Hure ta kama sunan ɗan fari, magana ta ƙare. Sai dai kwanan nan babban yatsansa ya fara ruwa. Ya ce ciwon ne ke fita."

Asiya ta miƙa mata robar. Iyatu ta ɗaga murya fiye da yadda tsakar gidan ke bukata. "In ta dawo daga Kazauren, a ce mata Iyatu ta zo."

Takunta ya fita. Zulaihatu ta ci gaba da fifita. Idon Inna a rufe yake, har ta ɗauka barci take.

"Bawa ya daina shan na asibiti?"

"Haka ta ce."

Tsohuwar ta buɗe ido ta ce, "Bi ta. Ki karɓo robar nan. Ki ce ta zo ta gan ni."

Zulaihatu ta fita ko takalmi babu. Asiya ta kira ta, ba ta waiwaya ba. A gangaren rafi ta cim mata.

Iyatu ta shigo ɗakin baya, warin ya tare ta a bakin ƙofa, ba ta toshe hanci ba. Ta durƙusa ta ɗaga zanin da kanta. Ta daɗe tana kallo.

"Hure, haka kika warke?"

"Haka na warke."

"Kin ci amanata, tsohuwar banza." Ta sauke zanin a hankali, ta riƙe hannunta. "Gobe Shago zai zo da motarsa. Ke da Bawa duk ku tafi, in ya so a haɗa ku gado ɗaya ku yi ta yi wa juna ƙarya."

Inna ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

Washegari ranar kasuwar Ɗanbatta ce. Da hantsi Nababa na ɗora kaya, ya haɗa batir yana gwaji, muryar Inna na maimaita kanta a kan rufin mota. Sai ga motar hayar Shago, ɗan Iyatu, ta tsaya a ƙofar gida, Bawa a kujerar gaba da ƙafa a naɗe, Iyatu a baya. Asiya ba ta faɗa wa mijinta komai ba, Zulaihatu ba ta san dalili ba.

Zulaihatu da Iyatu suka ɗauko Inna a kan tabarma, Shago ya kama ta wajen kai. A bakin zaure suka tarar da Nababa ya tsaya ya cika ƙofar.

Bai yi faɗa ba. Ya cire hula, ya durƙusa daidai fuskarta.

"Inna, ki yi salati."

Ta yi.

"Na taɓa barinki da yunwa? Na taɓa ɗaga miki murya? Ranar da Baba ya rasu wa ya ce miki kar ki yi kuka, ina nan? Ban ce ba za a kai ki ba. Jibi, wallahi jibi, na riga na yi magana da mai mota. Amma in kika fita ƙofar nan yau da rana tsaka, ba ni kika kashe ba. Ni namiji ne, ko dako na yi." Hawaye ya zubo masa, na gaske. Ya yi shiru, ya juya ya dubi yaran da suka taru a jikin Asiya. "Huseina, zo ki gaida kakarki. Ki tambaye ta me za ki ci gobe."

Zulaihatu ta gyara riƙon tabarmar. Ta san jerin, ta san inda shirun zai faɗo tun kafin ya faɗo, amma duk da haka ya same ta. Kuma ba duka ƙarya ba ne. Bai taɓa zagin uwarsa ba, bai taɓa hana ta abinci ba. Magana kawai ya yi ta yi, mai daɗi, mai tsari, kowace da salati a gabanta, har ƙafar ta ruɓe a tsakiyar gidan da kowa ke cewa yana sonta. Duk wanda ya saurare shi ya tafi da abin da zai faɗa wa kansa. Kawu ya tafi da ƙaddara, Asiya da yunwar bara, ita kuma da jibi.

Inna Hure ta dubi ɗanta. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ka sa na yi ta sayar da sunan nan a kasuwa har ya daina yi mini nauyi," ta ce. "To ga shi kyauta. Mika'ilu, matsa mini."

Ya buɗe baki. Karon farko tun da Zulaihatu ta san shi, ba abin da ya fito. Shago ya sa kafaɗa ya gota shi, suka wuce.

A waje maƙwabta sun fara taruwa. Wata ta ce, "Ba cewa aka yi tana Kazaure ba?" Kawu Dabo ya leƙo daga zaurensa ya koma. A kan rufin akwalar muryar na nan tana cewa ta sha ta warke, har Asiya ta zo ta fizge wayar batirin. Sannan ta kwance ɗankwalinta ta matso za ta rufe ƙafar. Inna ta ture hannunta.

Suka kwantar da ita a kujerar baya. Zulaihatu ta shiga ta ɗora ƙafar hagun a kan cinyarta, ba tsumma, ba safa, ta sauke gilashi har ƙasa. Ba ta san ko likita zai iya ceton ƙafar ba. Da ta dube ta a hasken rana, ba ta sa rai ba. Ba ta kuma san me za a dafa a gidan nan jibi ba.

Bawa ya waiwayo daga gaba. "Hure, sannu."

"Kai ma sannu. Ka yafe ni."

"Sai na ga abin da likita ya ce tukuna."

Nababa ya biyo su ba hula, ya dafa ƙofar motar da ke buɗe. "Zulai, ko ta bayan gari ku bi. Wannan kaɗai na roƙa."

Shago ya tayar da mota, ya dubi madubi. "Gaskiya hanyar asibitin ta bakin kasuwa take, Inna, kuma yanzu ta cika. In kewaya?"

Zulaihatu ta cire yatsun yayanta daga jikin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ta ja ƙofar ta rufe.

"Kar ka kewaya," in ji Inna Hure. "A can na faɗa, a can za su gani."